Soket ɗin fitilar mota ya narke: a gyara shi, a sauya shi, ko a ja sabon wayarin?

Fitilar gaba ta hagu a motata ta cinye ƙwai uku cikin wata biyar kafin in gane ba ƙwan ne mai laifi ba. Alamar tana nan tun farko, ni ne ban kula ba: in na faɗa rami sai fitilar ta ɗauke, in na ɗaga bonet na ɗan taɓa soket ɗin sai ta dawo. Ranar da na zare shi na haska da tocila, robar gefe ɗaya ta koma ruwan ƙasa, ta kumbura kamar kyandir ya ɗiga a wurin, ƙarfen da ke cikinta ya yi baƙi ƙirin. Ƙafafun ƙwan guda biyu fes suke, ta ukun kuwa ta yi dabbare-dabbare.

Wannan ƙafa ɗaya da ta ƙone ita ce ta ba ni amsa. Da zafin ƙwan ne ya narka soket ɗin, da ko'ina ya taɓu. Zafin daga mahaɗar ya taso, inda bakin soket ya daina kama ƙafar ƙwai da kyau. Lissafin ba shi da wuya. Ƙwan halojin mai wat 55 a kan bolt 12 yana jan wuta kusan amfiya 4.6. Zafin da mahaɗa ke fitarwa shi ne amfiya sau amfiya sau turjiyar wurin, wato yadda wurin ke tare wa wuta hanya, wadda ake aunawa da om. In tsatsa ko sakin baki ya kawo turjiyar om 0.2 kacal, an samu wat huɗu da ɗoriya suna dahuwa a wurin da bai fi kan ashana ba. Zafin ya kashe ƙarfin kamun ƙarfen, bakin ya ƙara saki, turjiya ta ƙaru, zafi ya ƙaru. Haka abin ke cin kansa har robar ta narke.

A ƙwan H4, mai ƙafa uku da zare biyu, wat 60 na ful da 55 na dim, ƙafar da zaren biyu suka yi tarayya a kanta ita ta fi shan wahala, don ko dim aka kunna ko ful tana bakin aiki. In kuma ka ja sandar fitila don yi wa wani walƙiya, a motoci da yawa zaren biyu ke kamawa tare, wat 115 su bi ta wannan ƙafa ɗaya.

Saboda haka duk hanyar da za ka ɗauka, tambayar ɗaya ce: ta maido da kamu mai ƙarfi a kan ƙarfe mai tsabta, ko kuwa ɓoye matsalar ta yi?

Auna kafin ka yanke

Kada ka ɗauki almakashi sai mita, wato na'urar auna wutar lantarki, ta yi magana. Kuma kada ka yarda da ƙarar da take yi in ka gwada ko waya ta tsinke. Wayar da silinta ɗaya ya rage cikin ashirin za ta sa mita ta yi ƙara, amma ba za ta ɗauki amfiya biyar ba. Awon da ke faɗin gaskiya shi ne wanda aka yi fitila na kunne. Ka tayar da inji, ka kunna fitila, ka bar soket a jikin ƙwai. Ka ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir wajen alamar tarawa, ɗayan ka cusa ta bayan soket har ya taɓa ƙarfen wayar da ke kawo wuta. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta zube a hanya. Ƙasa da rabin bolt, lafiya lau. Sai ka maimaita a ɓangaren at, wato wayar da ke komawa jikin mota, daga kan batir mai alamar debewa zuwa ƙafar at. Nan bai kamata ya wuce bolt 0.2 ko 0.3 ba.

Abin da ya sa wannan ɗan adadi ke da nauyi shi ne halojin ba ya yafe ƙarancin wuta. In ƙarfin wuta ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, haske yakan ragu da kusan kashi 30. Bolt ɗaya da ɗan kai da suka ɓace a tsohuwar waya sun isa su mai da fitila kamar aci-balbal, mai mota kuwa yana ta zargin ƙwai.

In fitilun biyu suka mutu lokaci guda, bar soket ya huta, je ka duba fiyus da makunni da rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya saki babba. In kuma ka kunna dim ka ga zaren ful ma yana ɗan ja, ko ƙaramar alamar ful a dashbod tana haske dishi-dishi, to at ne ya lalace, wuta tana neman hanyar komawa ta wani zare. Sau da yawa maganin bai wuce kwance notin da ya ɗaure wayar at a jikin mota, a kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fari, a mayar a ɗaure ba.

Soket ɗin kansa

Hanya mafi sauƙi ita ce a wanke tsohon a matse bakinsa. In robar ba ta sauya launi ba, tsatsa ce kawai fara ko koriya, wannan ya wadatar: feshin wanke mahaɗar wuta, ɗan buroshi, sannan a sa siririn tsinke a ɗan tura leɓen ƙarfen ciki. Ana gane ya yi ne in ƙafar ƙwai ta shiga da ƙyar. Amma ƙarfen da ya riga ya yi baƙi ko shuɗi, zafi ya kashe shi. Ka matse shi yau, bayan mako biyu ya sake buɗewa. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Ta biyu ita ce a zare ƙarfen da ya ƙone daga cikin robar a sa sabo, a bar gidan asali. A wajen tsabtar aiki babu kamarta, don ba a ƙara mahaɗa ko ɗaya a kan waya ba. Sai dai tana son abu uku: robar da ba ta narke ba, ƙarfe daidai girman na asali, da filayar da ke naɗe fukafukan ƙarfen su nutse cikin waya. A lura, ƙafafun H7 faɗinsu milimita 6.3 ne, na H4 sun fi haka faɗi, kusan 8. Wanda ya tilasta ƙaramin baki a kan babbar ƙafa, ko ya bar babba yana lilo a kan ƙarama, ya sake shuka wutar da ya zo kashewa. Kuma wayar asali takan yi gajarta da zarar an datse ɓangaren da ya ƙone.

Shi ya sa yawancin masu gyara a gida ke ƙarewa a kan ta uku: sabon soket mai jela, wato wanda ya zo da guntayen wayoyinsa a haɗe, a yanke tsohon a ɗaura wannan. A nan ne ake gardama tsakanin na roba da na tangaran.

Na tangaran ya yi suna saboda ba ya narkewa, kuma gaskiya ne. Amma rashin narkewa ba shi ne lafiya ba. In ƙarfen da ke cikinsa siriri ne marar kamu, zafin nan na nan, sai dai maimakon ya nuna a jikin soket, ya gangara ya gasa rigar waya, ya ƙona ƙafar ƙwai. Robar da ta yi ruwan ƙasa aƙalla ta yi maka ƙararrawa. Na taɓa riƙe wani na tangaran da ƙarafansa ke kaɗawa a cikin ramukansu in an girgiza, ƙwai ya shige shi sululu ba tare da wata turjiya ba. Irin wannan, soket ɗin roba mai kyau ya fi shi nesa ba kusa ba. Ga shi kuma tangaran na fashewa in an matsa masa, kuma da yawa ba su da maƙalli.

Inda tangaran ya cancanta shi ne fitilun da soket ke zaune a cikin gidan fitila bayan murfi, kamar yadda ake yawan samu a H1 da H7, inda zafin ƙwan kansa ke taruwa ba iska. Ƙwayaye irin H11 da 9005 da 9006 kuwa, soket ɗinsu na roba ne mai zoben hana ruwa da maƙallin da ke cewa ƙas. A sauya su da irinsu sak. Ga H4, ko wanne ka samu, gwaji biyu ne za su raba gardama tun kafin ka haɗa: ka cusa tsohon ƙwai ka ji ko yana shiga da ƙarfi, sannan ka dubi kaurin jelar.

Maganar jela na da tarko. Wasu rigarsu ce mai kauri, in ka fere sai ka ga sili kaɗan. Kada jelar ta fi wayar motar siranta. Ga ƙwan wat 55, waya mai kaurin murabba'in milimita 1 zuwa 1.5 ta wadatar. Sannan ka kankari sili ɗaya da wuƙa: in cikin ya fito fari, alminiyom ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. Irin wannan ba ya ɗaukar fiye da kusan kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe zalla ke ɗauka, yana saurin karyewa, kuma danshi na cinye shi. Wayar gini mai sili ɗaya ma ba ta da gurbi a mota, girgiza za ta karya ta.

Dalma ko matsi

A nan zan daɗe, don yawancin gyaran da ya dawo baya a mahaɗar waya yake mutuwa.

Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba gyara ba ne, hanyar isa gida ce in dare ya yi maka. Zafin inji na narka gam ɗin salatif, ya warware, ruwa ya shiga, murɗin ya saki. Ƙananan maƙallan nan masu haƙorin ƙarfe da ake dannawa su huda rigar waya, su ma a bar su: suna datse sili, suna barin ƙofa a buɗe ga danshi.

Gasar gaske tsakanin liƙi da dalma ne da kuma bututun matsi, wato ɗan bututun ƙarfe da ake cusa wa waya ta kowane gefe a matse da filaya.

Dalma in an iya ta, mahaɗarta ba ta da turjiyar a zo a gani, kuma siririya ce, tana shiga inda wuri ya yi ƙunci. Matsalarta biyu. Ta farko, tana bin cikin silin waya ta haura kamar yadda kananzir ke bin lagwani, sai waya mai laushi ta koma sanda. Daidai inda sandar ta ƙare, nan girgizar inji ke lanƙwasawa dare da rana har ta karye a cikin riga, inda ido ba ya gani. Ta biyu, aikin na son hannu. Tsohuwar dalmar liƙi, mai kashi 60 na kuza da 40 na dalma, tana narkewa wajen digiri 183 zuwa 190, kuma waya ake zafafawa har ita ta narka dalmar ta sha. Wanda ya narka ta a bakin ƙarfen liƙi ya ɗiga a kan waya mai sanyi, zai ga dunƙule a sama, ciki kuwa fanko. Yin wannan a sunkuye cikin bonet, iska na kaɗawa, da ƙaramin ƙarfe mai wat 25, wahala ce zalla. Haka nan man liƙin masu aikin famfo na da asid, yana cin jan ƙarfe a hankali. Na kayan lantarki, mai ƙaro a ciki, shi ake nema.

Matsi kuwa shi ne abin da masu ƙera motoci suka dogara da shi. Buɗe duk wani soket na asali ka gani, matse wayar aka yi. In matsin ya kai, silin da bututun kan dunƙule su zama kamar abu ɗaya, iska ba ta samun wurin shiga, kuma wayar na nan da laushinta har bakin mahaɗa. Amma duk wannan alheri a hannun filaya yake. Filayar gida ko bakin almakashi na baje bututun ne kawai, ba ta matse shi. Wadda ake so ita ce mai ƙugiya, wadda ba ta sakin baki sai matsi ya cika. Launin bututu kuma girma yake nunawa: ja na waya mai murabba'in milimita 0.5 zuwa 1.5, shuɗi na 1.5 zuwa 2.5, rawaya na 4 zuwa 6. Siririyar waya a cikin shuɗin bututu za ta zame ko da wace filaya aka matse.

A cikin bututan ma akwai bambanci. Mai busasshiyar rigar roba a buɗe yake ta kai da gindi, bai dace da bayan fitila ba, inda ruwan sama da na wankin inji ke kaiwa. Mai riga mai tsukewa da gam a ciki shi ne na wurin. Ka fere waya kamar milimita 7, ka cusa har rigarta ta taɓa bakin ƙarfe, ka matse, sannan ka ja da ƙarfi kamar mai son tsinke ta. In ta fito, gara yanzu da a kan hanya. In ta tsaya, ka bi rigar da iska mai zafi daga tsakiya zuwa gefe har ka ga gam ya ɗan leƙo a bakin.

Akwai na tsakiya da ya shigo, bututu mai haske da zoben dalma a ciki, wanda zafi kawai ake ba shi. Yana da daɗin aiki a kan sababbin wayoyi ƙanana. Amma zoben nasa ana yin sa ne ya narke a ƙaramin zafi, wajen digiri 138, kuma ba ya kama tsohuwar waya mai duhu. Sau da yawa rigar ta tsuke ta yi kyau, dalmar kuwa ba ta ratsa ba. A wayar da ke ɗaukar amfiya biyar kusa da ƙwai mai zafi, ni ba na sa shi.

Hukuncina: wanda ba liƙi ne aikinsa na kullum ba, ya ɗauki matsi mai gam da filayar kirki. Wanda hannunsa ya faɗa a dalma, ya yi, amma ya sa kaɗan, ya rufe da riga mai tsukewa da ta zarce mahaɗar ta kowane gefe, ya ɗaure wayar kada ta yi lilo. Kuma ya tuna zura rigar kafin ya haɗa. Babu mai liƙin da bai taɓa gama aiki mai kyau ba sannan ya hango rigar a ajiye a gefe.

Ko wacce ka bi, ka datse tsohuwar waya baya-baya har sai jan ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Baƙin sili ba ya karɓar dalma, kuma ko an matse shi turjiyar na nan. Ka cire kan batir mai alamar debewa kafin ka fara. Ka yanke waya ɗaya ka haɗa ta kafin ka taɓa ta gaba, don launin jela ba lallai ya dace da na motar ba, kuma in ka musanya biyu a H4 za ka samu ful a gurbin dim. Ka kuma bambanta tsawon yankan, kada mahaɗai uku su taru wuri ɗaya su yi ƙulli suna gogar juna.

Sai yaushe rile?

Sabon wayarin mai rile yana ɗauko wuta kai tsaye daga batir ta waya mai kauri, tsohon wayarin ya koma ɗan aike kawai. Ƙafafun rile na da lambobi: 85 da 86 su ne masu karɓar umarni, ba sa jan ko amfiya 0.2, 30 ita ce mai zuwa daga batir ta cikin fiyus, 87 mai tafiya ga ƙwai. H4 na son rile biyu, na dim da na ful.

A tsohuwar motar da wutar fitila ke bi ta makunnin sitiyari, in mita ta nuna bolt ɗaya ko fiye na zubewa a hanya bayan an gyara soket da at, wannan shi ne magani, kuma bambancin hasken ba sai an gaya maka ba. In kuwa asarar ba ta kai rabin bolt ba, ƙarin waya ne kawai da ƙarin wuraren lalacewa.

Yana da nasa haraji. Ƙwan da ya samu cikakkiyar wuta ya fi haske amma ya fi saurin mutuwa, ƙarin kashi 5 cikin ɗari a ƙarfin wuta na iya rage kwanansa da kusan rabi. Fiyus ɗin dole ya zauna kusa da batir, kamar taƙi ɗaya, in ba haka ba doguwar wayar ta zama ashana. In fiyus ɗaya ne ke ciyar da komai, ranar da ya tsinke duhu ne gaba ɗaya, don haka gara a raba. Wasu motoci, ciki har da tsofaffin Toyota da dama, ta ɓangaren at suke kunna fitila, ƙafar tarayya ita ke ɗauke da wuta, sai a tabbatar da mita kafin a sayi wayarin. Sababbin motoci kuma kwamfuta ce ke ba fitila wuta tana lura da abin da ƙwai ke ja. Ka sa mata rile, ta ɗauka ƙwan ya mutu ta kunna gargaɗi, ko rilen ya riƙa kukan ƙuda. A irinsu a tsaya a kan sauya soket.

Abin da ba ya cikin zaɓi ko kaɗan shi ne ƙara girman fiyus don ya daina tsinkewa, ko sa ƙwan wat 100 a kan wayarin asali. Wat 100 na jan sama da amfiya 8, kuma tunda amfiya sau kanta ake lissafawa, zafin mahaɗa ya ninka fiye da sau uku. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Fitilun zenon kuma, masu aiki da iskar gas maimakon zare, akwatin da ke tayar da su na harba bolt sama da dubu 20 a lokacin kunnawa, wayar da ke tsakaninsa da ƙwai ba ta yanka da ɗauri ba ce.

Da ka gama, sa sabon ƙwai in ƙafar tsohon ta yi baƙi, don ƙazamar ƙafa za ta lalata sabon soket. Kada yatsa ya taɓa gilashin, maiƙon hannu na sa wurin ya fi sauran zafi. Ɗan giris ɗin silikon a bakin zoben roba na hana ruwa shiga. Mayar da murfin bayan fitila ya zauna daram, ka kunna ta minti goma sha biyar, ka kashe, sannan ka bi wayar da yatsa daga mahaɗa zuwa bayan soket. Ɗumi ba komai ba ne kusa da ƙwai. In wata waya ɗaya ta fi 'yan uwanta zafi, ko mahaɗar da ka yi ta fi wayar da ke gefenta ɗumi, yanke ta ka sake.